Gishiri, yumɓu ko giranit: a wane dutse lissafi ya fi zama abin dogaro wajen binne sharar nukiliya?

Ƙasar Jamus ta kashe tashoshinta uku na ƙarshe masu samar da lantarki da nukiliya a watan Afrilun 2023, amma tsugune ba ta ƙare ba. Tana riƙe da shara mai tsananin zafi da tiririn nukiliya mai cutarwa wadda ta kai kubik mita kusan 27,000, tana jibge a rumbunan wucin gadi a doron ƙasa. Dokar da majalisar ƙasar ta sabunta a 2017 ta ce a nemo wurin da zai riƙe wannan shara lafiya har shekara miliyan ɗaya, a zurfin da bai gaza mita 300 ba, kuma a auna duwatsu iri uku ba tare da fifita ko ɗaya tun farko ba: gishirin ƙarƙashin ƙasa, dutsen yumɓu, da dutse mai tauri irin giranit. A 2020 hukumar BGE mai wannan aiki ta fitar da yankuna 90 da suka mamaye kashi 54 cikin 100 na faɗin ƙasar, 74 na gishiri, 9 na yumɓu, 7 na dutse mai tauri. Finland da Suwidin sun riga sun ɗauki dutse mai tauri, Faransa da Suwizalan sun ɗauki yumɓu, Amurka na binne wata shara ta soji a gishiri. Jamus ce ke da duka ukun a hannu, shi ya sa zaɓinta ya fi koyar da mutum.

Ba mai iya yin gwajin shekara miliyan. Gwaji mafi tsawo da aka yi da hita a ƙarƙashin ƙasa bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Sauran tazarar duk da lissafin kwaikwayo ake cike ta: a zana dutsen a kwamfuta, a yayyanka shi ƙananan gutsattsari, a sa dokokin zafi da na gudun ruwa da na matsi su yi aiki a kansa shekara bayan shekara. Don haka a wurina tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, a cikin ukun nan wanne ne lissafi zai faɗi halinsa, a je a auna, a tarar haka ne?

Abin da ke sa lissafin wuya shi ne abubuwa uku sun sarƙe da juna. Sharar na fitar da zafi, galibi daga sinadaran siziyam-137 da siturontiyam-90 a shekarun farko, waɗanda ƙarfinsu ke raguwa da rabi duk bayan shekara 30 ko kusa da haka. Zafin na sa dutse ya kumbura ya matse maƙwabcinsa. Yana kuma sa ruwan da ke cikin ƙofofin dutsen ya kumbura fiye da dutsen kansa, ya kori danshi daga kusa da gangar sharar. Wurin da ya bushe ba ya wuce da zafi da sauri, sai zafin ya ƙara taruwa. Idan matsi ya buɗe tsaga, ruwa ya sami hanya. Idan ya rufe ta, hanya ta toshe. Tun 1992 akwai wani shiri na ƙasa da ƙasa mai suna DECOVALEX inda ake ba ƙungiyoyin masu lissafi bayanan gwaji guda, kowa ya yi hasashensa, sannan a kwatanta da abin da na'urori suka auna. Darasin da ke maimaita kansa a can shi ne: zafi ya fi sauƙin hasashe, ana samunsa da kuskuren digiri kaɗan. Ruwa da motsin dutse su ne masu ba da wahala, kuma irin wahalar ta bambanta daga dutse zuwa dutse.

Gishiri

Shi ne aka fara so. Tun 1957 kwamitin masana kimiyya na Amurka ya ba da shawarar a duba shi, kuma hujjar tana da ƙarfi har gobe. In ka tarar da gishiri mai kaurin ɗaruruwan mita kwance shekara miliyan 250, shaida ce cewa ruwa bai ratsa wurin ba, da ya narke tun tuni. Yana wuce da zafi da sauri, kusan ninki biyu na giranit, ninki uku ko fiye na yumɓu, don haka ana iya jera gangunan kusa da juna, filin da ake bukata ya ragu. A tsohon tsarin Gorleben, curin gishirin da Jamus ta daɗe tana shirin binne shara a ciki, an yi lissafi da zafin da ya kai digiri 200 a jikin ganga. Sannan gishiri na da wata ɗabi'a da sauran ba su da ita sosai: a ƙarƙashin nauyi yana rarrafowa a hankali ya cike duk wani gurbi, kuma zafi na ƙara masa sauri. Lungun da aka haƙa yau, bayan wasu gomman shekaru zai rungume abin da ke cikinsa. In haka ta tabbata, babu ruwa, babu hanya, babu abin da zai ɗauki guba ya kai waje.

To, yaushe ne zai gama rufewa? A nan gizo ke saƙar. A ma'ajiyar WIPP da ke kusa da Carlsbad a jihar New Mexico, mai zurfin mita 655, an auna lungunan farko a shekarun 1980 aka ga suna rufewa da saurin da ya kai kusan ninki uku na abin da lissafi ya faɗa. Dalili ɗaya shi ne a ɗakin gwaji ana matse gishiri da ƙarfi na 'yan makonni, alhali a ƙasa matsi kaɗan ne na tsawon shekaru, kuma a irin wannan yanayi wata hanyar rarrafe dabam ce ke aiki. An gyara dokokin lissafin, sun inganta ƙwarai. Amma har yanzu akwai saura a kan niƙaƙƙen gishirin da ake cike lunguna da shi: an san yadda yake fara dunƙulewa, sai dai ƙarshen dunƙulewar, lokacin da ƙofofinsa za su toshe sarai, gwaji bai kai can da yawa ba.

Gishirin ma ba busasshe ƙayau ba ne. Akwai ɗigo-ɗigon ruwan gishiri a kulle cikin ƙwayoyinsa, kuma suna tafiya wajen zafi, domin gefen da ya fi ɗumi na narkewa, gefen sanyi na daskarewa, sai ɗigon ya matsa gaba. An ga haka tun gwajin da aka yi a wata mahaƙa a Lyons ta jihar Kansas tsakanin 1965 da 1967, kuma ana sake auna shi da hita a WIPP. Ruwan ba shi da yawa, amma ruwan gishiri mai zafi na cin ƙarfe.

Duk mai maganar gishiri a Jamus sai an jefa masa sunan Asse. Tsohuwar mahaƙar gishiri ce da aka zuba wa durom kusan 126,000 na shara mai ƙarami da matsakaicin tiriri tsakanin 1967 da 1978. Daga 1988 ruwa ya fara shiga, kusan kubik mita 12 a rana, kuma a 2013 aka yi doka cewa a kwaso sharar. Ya kamata a yi wa gishiri adalci a nan. Masu haƙar kasuwanci ne suka rarake Asse har kusa da bakin gishirin, suka bar ɗakuna a buɗe shekaru da dama, bango ya tsage. Ba haka ake gina ma'ajiya ta gaskiya ba. Duk da haka Asse ta nuna inda raunin yake: gishiri shinge ɗaya ne mai kyau matuƙa, amma in ruwa ya shigo daga waje, dutsen da kansa narkewa yake, kuma ba ya riƙe sinadarai masu guba a jikinsa kamar yadda yumɓu ke yi. Gorleben ma, bayan gomman shekaru ana bincike da rigima, an cire shi a 2020, musamman saboda rufin da ke saman gishirin ba cikakke ba ne; ruwan narkewar ƙanƙarar wani tsohon zamani ya yanka kwari a kansa. A ƙara da cewa gishiri da kanwar taki da man fetur da iskar gas kan zama maƙwabta, wato wurin da jikokin jikoki za su so su haƙa ba tare da sanin abin da ke ciki ba. Tsoffin ramukan neman mai na cikin abin da ya kashe shirin gina ma'ajiya a Lyons.

Giranit da 'yan uwansa

Dutse mai tauri daɗin haƙa gare shi: lungu na tsayawa da kansa, ba ya rufewa, ana iya komawa a ɗauko ganga in bukata ta taso. Ma'ajiyar Onkalo da ke tsibirin Olkiluoto a Finland, mai zurfin mita 400 zuwa 430 cikin dutsen da ya kusa shekara biliyan biyu, ita ce ta riga kowa. Kamfanin Posiva ya sami izinin gini a 2015, ya fara gwajin aiki ba tare da ainihin shara ba a 2024. Suwidin ta amince da gina tata ma'ajiyar a Forsmark a 2022, aka fara gini a farkon 2025.

Matsalarsa ɗaya ce babba, tsaga. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin rijiyar burtsatse a yankunan dutse na Kano ko Zariya ya san wannan: a haƙa nan a tarar da ƙura, a matsa taku ashirin a sami ruwa, domin ruwan a tsaga yake, ba a jikin dutsen ba. Haka abin yake a zurfin mita 500. Ba mai iya ganin kowace tsaga a cikin dutse mai faɗin kilomita. Abin da masu lissafi ke yi shi ne su ƙirga tsagogin da suka gani a ramukan bincike da bangon lungu, su fitar da ƙididdigar tsayinsu da inda suka fuskanta, sannan kwamfuta ta ƙirƙiro duwatsu masu yawa da suka dace da ƙididdigar, a duba yadda ruwa ke gudu a kowanne. Amsar da ke fitowa ta yiwuwa ce, mai faɗin tazara. Aiki ne na gaskiya kuma na ƙwararru, amma ba zai ce maka ga hanyar da ruwa zai bi daga wannan ganga ba.

Finland da Suwidin sun san haka, shi ya sa suka ɗora nauyin a kan abin da hannu ya ƙera. Tsarinsu mai suna KBS-3 ganga ce ta jan ƙarfe mai kaurin santimita 5 da cikin baƙin ƙarfe, tsayinta kusan mita 5, a saka ta a rami mai zurfin mita 8, a kewaye ta da bentonayit, wani yumɓu mai kumbura in ya sha ruwa har ya toshe ko'ina. Dole zafin bentonayit ya tsaya ƙasa da digiri 100, kuma wannan iyaka ce ke yanke yawan zafin da ganga za ta ɗauka, wat 1,700 a tsarin Suwidin, da tazarar da ke tsakanin ganguna.

Gwajin FEBEX a Grimsel cikin tsaunukan Suwizalan shi ne ya fi ba da haske a kan wannan. An kunna hita biyu a digiri 100 cikin bentonayit a 1997, aka tono ta farko a 2002, ta biyu a 2015. Bayan shekara 18, bentonayit ya kumbura ya toshe giɓi kamar yadda ake fata, amma na kusa da hitar bai gama jiƙa ba. A tagwayen gwajin da aka yi a ɗakin bincike a Madrid kuwa, jiƙar ta yi jinkiri fiye da hasashen farko. A Forsmark, inda dutsen ya bushe sosai a zurfi, lissafin SKB, kamfanin da ke gina ma'ajiyar, na cewa wasu ramuka za su jiƙa cikin gomman shekaru, wasu sai bayan dubbai. Akwai kuma ɓarewar bangon rami idan zafi ya ƙara matsi, wadda gwaji a ɗakin binciken ƙarƙashin ƙasa na Äspö a Suwidin ya nuna tana farawa tun matsi bai wuce kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfin da aka auna wa dutsen a ɗakin gwaji ba. Sai zamanin ƙanƙara mai zuwa, wanda zai ɗora ƙanƙara mai kaurin kilomita biyu zuwa uku a kan yankin, ya tura ruwa mai daɗi ƙasa wanda ka iya wanke bentonayit, ya kuma jawo girgizar ƙasa lokacin narkewa. An tsara gangar ta jure gocewar tsaga ta santimita 5. Jan ƙarfen kansa an yi taƙaddama a kan ko yana lalacewa a ruwan da babu iskar oksijin, har kotun muhalli ta Suwidin ta nemi ƙarin hujja a 2018 kafin gwamnati ta amince.

Ina girmama wannan aiki. Ƙasar da ba ta da wani dutse sai wannan, to wannan ce hanyarta, kuma an nuna tana yiwuwa. Amma mai zaɓe ya san cewa a giranit amanarsa na hannun ganga da bentonayit, dutsen aikinsa ya kare su.

Yumɓu

Ba lakar bakin rafi ake nufi ba. Dutse ne da ya samu daga taɓon tsohon teku, ya danne ya taurare. Na Bure a gabashin Faransa, inda hukumar Andra ke shirin ma'ajiyar Cigéo a zurfin mita 500, ya kai shekara miliyan 160, kaurinsa ya haura mita 130. Na Suwizalan, yumɓun Opalinus, ya ɗan girme shi, kaurinsa kusan mita 100. A 2022 hukumar Nagra ta zaɓi Nördlich Lägern kusa da iyakar Jamus. Belgium na da nata mai laushi a Mol, a zurfin mita 225.

Wannan dutse cike yake da ruwa, amma ruwan ba ya tafiya. Ƙofofinsa ƙanana ne har in an tura ruwa da matsi mai ƙarfi, abin da zai ci a shekara dubu 'yan milimita ne. Abin da ya rage wa guba shi ne ta watsu a hankali cikin ruwan da ke tsaye, kuma yawancin masu haɗari irin su fulutoniyam na manne wa yumɓun su tsaya kusa. Kaɗan ne ke wucewa, irin su ayodin-129 da kulorin-36, su ma bayan dubban ɗaruruwan shekaru. Tsagar da haƙa ta jawo a gefen lungu kuwa tana komawa ta rufe idan yumɓun ya sha ruwa, an auna hakan a Bure da kuma Mont Terri, ɗakin binciken ƙarƙashin ƙasa na Suwizalan.

Ga abin da ya rinjaye ni. A yumɓun Opalinus an bi kaurin dutsen daga sama zuwa ƙasa ana auna gishiri da wasu alamomi a ruwan ƙofofinsa, ragowar tsohon ruwan teku. Yawansu ya fi a tsakiya, yana raguwa zuwa gefuna inda ruwa mai daɗi ke gudu a wasu duwatsun. Da aka sa lissafin watsuwa a hankali na tsawon miliyoyin shekaru, ya fitar da wannan siffa. Ke nan dutsen ya riga ya yi gwajin dogon zango da kansa, kuma sakamakon na nan a auna. Giranit ba ya ba da shaida mai tsabta haka, domin kowace tsaga da tarihinta. Sannan yumɓu kusan iri ɗaya ne a faɗin kilomitoci, abin da aka auna a nan yana aiki a can.

Zafi ne abokin gabansa. Ba ya wuce da shi da sauri, kuma ya fi wucewa a kwance, bin shimfiɗar dutsen, fiye da a tsaye. Mafi muhimmanci, tunda ruwa ba ya iya tserewa, idan ya ɗumama ya kumbura sai matsinsa ya hau. In ya hau ya wuce nauyin da ke danne dutsen, dutsen na iya tsagewa, kuma wurin da ake tsoro shi ne tsakanin lunguna biyu inda matsi daga ɓangarorin biyu ke haɗuwa. Shi ya sa Andra ta sa iyakar digiri 90 a dutsen, kuma lissafin matsin ruwa ne ke yanke tazarar lunguna. Kuɗin wannan a fili yake fita: Cigéo za ta mamaye kusan murabba'in kilomita 15 a ƙarƙashin ƙasa, kuma sharar da ta fi zafi sai wajen 2080 za a fara saukar da ita, bayan ta huce. Lungunan na bukatar kankare mai kauri don kada su rufta. An gwada waɗannan hasashe a cikakken girma: a Mont Terri an kunna hita uku masu wat 1,350 kowace a ƙarshen 2014 da farkon 2015, a Mol kuma aka riƙe bangon lungu a digiri 80 na kusan shekara goma. Zafi da hawan matsi a nesa da lungu sun zo kusa da lissafi. Dab da bango, inda haƙa ta raunata dutsen, an fi samun saɓani.

Inda lissafin yumɓu ke da rauni na gaske shi ne iska. Ƙarfe na tsatsa ko babu oksijin, yana fitar da iskar haidirojin, kuma dutsen da ya hana ruwa wucewa zai hana iska ma. Idan ta taru takan buɗe 'yan siraran hanyoyi ta wuce, su sake rufewa, kuma har yau ba a iya faɗin inda za su buɗe daidai ba. Ba na ɗaukar wannan da wasa.

Da ni za a tambaya, yumɓu mai kauri, kwance, wanda ba a huda shi da ramukan neman mai ba, shi zan sa a gaba, in biya kuɗin faɗin fili da jiran sharar ta huce. Bayansa shimfiɗaɗɗen gishiri ko curin gishiri mai cikakken rufi wanda ba a taɓa haƙa ba. Yana iya fin yumɓu a takarda, amma in ya gaza, babu shinge na biyu a dutsen. Giranit na uku, sai in an sami yanki mai ƙarancin tsaga irin Forsmark da masana'antar da za ta ƙera dubban ganguna ba aibi. Dokar Jamus ma ta rage wa gishiri fifikonsa, domin ta sa digiri 100 a jikin ganga a matsayin iyakar riga-kafi ga duka ukun har sai bincike ya nuna wani abu dabam, kuma ta ce a iya tono gangunan har shekara 500 bayan rufewa, abin da ya fi wuya a dutsen da ke rungume kayansa.

Ga ɗalibin ilimin duwatsu ko injiniya da ke son shiga wannan fanni, dutsen da ya zaɓa shi ke nuna masa manhaja. OpenGeoSys da aka gina a Leipzig kyauta ce, kuma ana amfani da ita sosai a kan yumɓu da gishiri. CODE_BRIGHT ta Barcelona don gishiri aka fara rubuta ta, daga baya ta yi suna a kan bentonayit. TOUGH ta Berkeley, in aka haɗa ta da FLAC3D, ta ƙware inda tururi da ruwa da iska ke cakuɗe. Ya fara da ganga ɗaya da zafi kawai, ya ga amsarsa ta dace da wani gwaji da aka wallafa, kafin ya ƙara ruwa, sannan matsi. Fannin bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Yuraniyam ɗin Arlit da Akokan ya shiga tashoshin Faransa shekaru da dama, kuma wani ɓangare na sharar da ake shirin kaiwa Bure daga gare shi ta fito. Ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, an mayar da tsohon makamashinta China a 2018, amma ƙasar da ta gina babbar tashar lantarki ba lallai ta sami mai karɓar sharar ba. Jamus ta sa 2031 a doka a matsayin shekarar zaɓen wuri, sai ga BGE a 2022 tana cewa abin zai kai tsakanin 2046 da 2068, alhali izinin rumbun wucin gadi na Gorleben zai ƙare a 2034.